A Rage Sautin Talabijin

Gaithersburg, Maryland
9 ga Afrilu

Zuwa ga aminin maigidana, Baban Rachel,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Maman Rachel da jikoki da duk mutanen Kafanchan. Yaya ƙafar nan taka, kumburin ya sauka? Rachel ta gaya mini kunnenka ya yi nauyi, waya ba ta yi maka daɗi yanzu, shi ya sa na ɗauki biro. Zan tura mata hoton takardar ta kawo maka.

Ka yafe mini, wata biyu ke nan ina ɓoye maka wani abu. Ranar biyar ga Fabrairu abokinka Malam Ladan ya faɗi a ƙofar gida yana kwashe dusar ƙanƙara, aikin da na hana shi ya fi sau goma. Likitoci suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Alhamdu lillahi ƙafa ta dawo, yana takawa da sanda, hannun dama ma ya fara riƙe cokali. Baki ne bai dawo ba. Mutumin da ya yi shekara ashirin da shida yana karanta labaran duniya a rediyo, har direbobin tasha suna kwaikwayon muryarsa, yau in yana son ruwa sai dai ya nuna kofi.

Sun ce kalmomin suna nan a kansa, hanyar fitowarsu ce ta toshe, kuma in yana ƙoƙari za ta buɗe. Akwai wata baiwar Allah da ke zuwa sau biyu a mako don ta koya masa magana. Takan nuna masa hoton kare ko na tuffa ta ce ya faɗi sunansa, shi kuwa ya juya ya kalli bango. Ta ja ni gefe ta ce watannin farkon nan su ne masu muhimmanci, in suka wuce bai motsa harshen ba, abin zai yi wuya. Tun ranar tsoro bai bar ni ba.

Daga safe har la'asar ba abin da yake yi sai kallon tsofaffin finafinan Ingilan nan nasa. Ka san tarin fayafayan, kanta guda a falo, ba mai taɓawa. Mutane cikin dogayen kwat, ruwan sama ba ya ɗaukewa, in an yi mutuwa a dafa shayi, in an yi haihuwa a dafa shayi. Rabinsu ma ba su da launi. Yakan ƙure sautin har tagogi su yi rawa. A da tsiya nake yi masa a kansu, yanzu kuwa gode musu nake yi, don su kaɗai ke sa in ga rai a idonsa.

Jama'a ba su bar mu ba. Abokan aikinsa da mutanenmu na Landover da Manassas, kowane ƙarshen mako falo cike yake, ga kulolin tuwo da farfesu har firij ya ƙi rufuwa. Ni kuwa ba na barin kowa ya wahalar da shi. Kafin mai dubiya ya rufe baki da yaya jiki, na ce da sauƙi. Da ya motsa leɓe na san abin da yake so, in faɗa a madadinsa, ya huta. Ba zan yarda a ga mai muryar nan yana in'ina a gaban mutane ba.

Baban Rachel, ka san shi tun kafin ya fara gemu. Don Allah ka rubuto masa wani abu da zai ƙarfafa masa zuciya, in karanta masa. Ka gai da Maman Rachel ƙwarai. 'Yarmu Afnan tana jami'a, tana gaishe ku.

Matar abokinka,
Sailuba

Gaithersburg
20 ga Mayu

Baban Rachel,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar iyali, na ji daɗi da ka ce damina ta sauka muku da kyau. Na kuma gode da ka sa aka yi masa addu'a a cocinku, Allah ya bar zumunci.

Takardarka ta iso, na karanta ta a tsaye a kicin, kuma ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci. Na roƙe ka ka rubuto wa abokinka, sai ka rubuto mini ni, wai in rage sautin talabijin, in zaunar da wanda ba ya jin Turanci kusa da shi, in kuma kama bakina. Ni da na yi wata uku ina hidimarsa ko ƙafa ban miƙe ba. Na ninke takardar na cusa ta ƙarƙashin tukwane, ta kwana biyu a can.

Amma labarin da ka bayar ya ƙi sakina. Shekara talatin da ɗaya muna tare, bai taɓa gaya mini ba. Ashe a kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa a Kaduna babanka kaɗai ke da talabijin, matan kwatas su shimfiɗa tabarmi a barandarku da yamma in za a nuna wasan Turawa. Ashe babanka yakan kwanta da wuri saboda aikin asuba, ya ce a rage sauti, sai abokinka ya manna kunne a jikin akwatin yana gaya wa matan abin da ake cewa, ya yi muryar namiji, ya yi ta mace. In ya yi shiru mamarka ta zungure shi da mafici. Ka ce a barandar nan ya koyi aikin rediyo, ba a jami'a ba, kuma ba zai iya ganin mutum yana kallon labarin da bai gane ba ya ƙyale shi.

To, na gwada. Matsalar ita ce a garin nan samun wanda ba ya jin Turanci aiki ne. Sai na zauna da kaina, na rage sautin, na tambaye shi wai me matar nan take cewa. Ni da nake aiki a kantin magani shekara ashirin, ina rigima da Amurkawa cikin harshensu. Ya dube ni, rabin bakinsa ya yi dariya, ya ɗauki rimot ya mai da sautin inda yake. Dariyarsa ta farko ke nan tun Fabrairu, amma ni aka yi wa.

Abu ɗaya dai ka jawo mini, na fara lura. Lahadin da ta wuce mutum goma sha ɗaya suka zo dubiya, kowa ya tambaye shi jiki, ba wanda ya jira amsa. In ya yunƙura sai su ce kada ka wahalar da kanka, Malam. Kara suke yi masa, kuma a wurina suka gani. Mai koya masa maganar ta taɓa gaya mini haka tun a watan Maris, na ɗauka rashin kara ne irin na mutanen nan. Na ji kunya ƙwarai.

Wani labarin kuma, bizar Yaya Mubaraka ta fito, za ta taso daga Zariya ƙarshen wata ta duba ƙanenta. Ka san ta, ka san ni. Tun ina amarya take cewa miyata ba gishiri. Ka sa mu a addu'a mu biyun.

Ka gai da gida.
Sailuba

Gaithersburg
14 ga Yuli

Zuwa ga ɗan'uwana Baban Rachel,

Ina gaishe ka gaisuwar da ban taɓa yi maka irinta ba. Ina fata kana lafiya, da Maman Rachel, da Rachel wadda muka mai da ita ma'aikaciyar gidan waya, Allah ya yi mata albarka. Ka nemi wuri ka zauna, takardar yau doguwa ce.

Yaya Mubaraka ta iso. Na zaci za ta rungume shi ta yi kuka. Ina, ta yi masa addu'a, ta ƙare masa kallo, ta ce ya yi ƙiba. Daga nan ta kama gidan da gyara, sanyin na'ura ya yi yawa, ruwanmu ba ɗanɗano, tukunyata ƙarama ce. Kwana na uku ta ce a rage mata hayaniyar akwatin nan, kanta na ciwo. Ba ta jira kowa ba, ta karɓe rimot daga hannunsa ta miƙo mini. Ka ga sharaɗinka na farko ya cika ban sa hannu ba, na biyu ma haka, don Yaya ba ta jin Turanci. Ban gaya mata shawararka ba kuwa, don in ta ji daga bakina ne ba za ta yi ba.

Ranar Asabar bayan azahar tana zaune a ƙasa kan kafet, da tire a cinyarta, tana gyaran busasshen zogalen da ta zo da shi. Shi kuma yana kallon wasan nan mai kashi-kashi na wasu 'yan'uwa biyu da suka gaji shagon gyaran agogo, suna aiki tebur ɗaya ba sa magana da juna. Aka nuno wani mutum tsaye a bakin ƙofa riƙe da hularsa, wata tsohuwa tana dubansa tana hawaye. Yaya ta ɗaga kai ta tambayi ƙanenta me mai hular nan ya yi wa baiwar Allah take kuka.

Baban Rachel, amsar tana kan harshena. Na ga wasan nan ya fi sau biyar. Har na ja numfashi, sai na tuna da takardarka. Na tashi na shige kicin, na cusa bakin mayafina a baki na cije. Falo ya yi tsit. Ina kallon agogon murhu, minti ɗaya ya wuce, na biyu ya kama. Ban taɓa sanin shiru yana da nauyi haka ba. Sau biyu ƙafata ta nufi ƙofa ina dawo da ita. Sai na ji Yaya ta ce, "Ladan, da kai nake. Ni na goye ka, ba ka isa in tambaye ka ka yi mini shiru ba."

Sannan wata murya ta fito, a shaƙe, tana tuntuɓe, amma tasa ce. Ya ce, "Ɗan... ɗanta ne. Ya dawo."

Na zame na zauna a ƙasan kicin. Ka san me yayarsa ta yi? Ko kanta ba ta ɗaga daga tiren ba. Cewa ta yi, to daga ina ya dawo? Ba ta yi kabbara ba, ba ta yaba masa ba, ba ta ce sannu da ƙoƙari ba. Labarinta kawai take so. Da ni ce da na yi guɗa na kira mutanen Landover, ya ji kunya ya sake rufe bakin. Ya yi gumi kafin ya haɗa mata cewa daga yaƙi ne, an ɗauka ya mutu.

Tun ranar, kullum bayan la'asar sai sun zauna. Maganar a hankali take fita, wata kalmar ta karye a hanya, wata ta fito ba ita yake nufi ba, Yaya ta ce ban gane ba, sake. Ya sake. Yanzu har ɓangare ta ɗauka, ba ta ƙaunar babban wan ko kaɗan, ta ce mai aikin gidan ta fi su duka tarbiyya. Ta kuma yanke hukuncin cewa Turawan da can suna da kunya kamar Zage-zagi, abu na cin mutum a rai amma sai ya tsaya zancen ruwan sama. Mai koya masa magana da ta ji shi ya faɗi jimla guda cur, ta ajiye hotunan karenta ta tambaye ni ko za a ba ta aron Yaya.

Ba zan yi maka ƙarya ba, ba duka ya dawo ba. Likita ya ce muryar rediyon nan da wuya ta koma yadda take. Na karɓa, na gode Allah. Yana sallama, yana amsa gaisuwa da bakinsa, masu dubiya kuma na gaya musu duk wanda ya tambaye shi jiki ya zauna ya jira amsa, ko shayinsa zai huce.

Ka yafe mini fushin da na yi da kai. Gaskiya ka faɗa mini a lokacin da kowa ke lallashina, kuma ban san da bakin da zan gode maka ba. Ina gode wa babanka da ya so barcinsa, da mamarka da maficinta. Ina gode wa Turawan finafinan nan masu laima da yawancinsu sun daɗe a kabari, ba su san akwai wani gida a Maryland da suka yi wa rana ba. Yaya Mubaraka kuwa, jiya ta ce miyata ba gishiri, na ce gaskiyarki Yaya, na miƙa mata gishirin da hannu biyu.

Saura abu ɗaya. Duk kwanakin nan da yayarsa yake magana, da baƙi, da likita. Ni kuwa sai dai ido da nuni, don ya san kafin ya fara na ƙarasa. Abin yana damuna, ban gaya wa kowa ba. Jiya suna kashi na ƙarshe, inda 'yan'uwan za su shirya, sai wata kalma ta maƙale masa. Yana ta kokawa da ita, jijiyar wuyansa ta tashi. Ina tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu, ban san lokacin da bakina ya suɓuce na faɗe ta ba. Ya juyo a hankali, ya ɗaga hannun nan na dama da muka yi wata biyar muna yi wa addu'a, ya nuna ni. Ya ce, "Sailuba, yi shiru. Ni ke ba da labari."

Maganarsa ta farko gare ni ke nan tun ranar biyar ga Fabrairu, kuma ko harafi ɗaya bai karye ba. Na ce to, Malam. Na koma kicin na yi kuka har miyar ta kama.

Ka gai da Maman Rachel da yara. Allah ya ƙara maka lafiya da tsawon rai, ya saka maka da alheri.

Taka mai godiya har kullum,
Sailuba