Ƙorafi Kan Allon Zanen Jikata da Aka Ƙwace

Daga:
Kakan ɗalibar aji biyar,
Magatakarda mai ritaya,
Gida na uku bayan tankin ruwa.

Zuwa ga:
Shugabar Makaranta,
Ofishin Shugaba.

Litinin, 19 ga Mayu.

Ranki ya daɗe,

GAME DA: ƘWACE ALLON ZANE DA ALƘALAMINSA DAGA HANNUN JIKATA, DA HALIN DA NA SAME SHI A CIKI

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kina lafiya ke da malamanki baki ɗaya. Ni ne kakan yarinyar nan ta aji biyar wadda 'yan ajinsu ke kira 'Yar Fensir, kuma ni na sa hannu a takardar shigarta makaranta. Shekara talatin da ɗaya na yi ina karɓar ƙorafin mutane ina sa masa lamba, ban taɓa rubuta nawa ba sai yau. Ina roƙon ki yi haƙuri da tsawonsa.

1. Ya kamata ofishinki ya san yadda aka yi allon nan ya shigo gidanmu, domin ba tsintarsa muka yi ba. Jikata shekararta goma, kuma tun tana rarrafe take zane. Ta zana bangon ɗakina, ta zana bayan kalanda, ta zana mini akuya a kan takardar fanshona, har sai da jami'in da ke duba takardun ya tambaye ni ko sabon hatimi ne. Ganin haka, ranar Asabar 3 ga Mayu, na ɗauke ta muka shiga shagunan kayan kwamfuta guda huɗu a ƙafa.

A shago na farko aka nuna mana allo mai gilashi, wanda mutum ke ganin zanensa a ƙarƙashin bakin alƙalami. Da mai shagon ya faɗi kuɗinsa, sai na nemi kujera. A na biyu aka fito mana da wani mai arha ƙwarai, amma da ta ja layi sai layin ya tsaya ya yi tunani kafin ya biyo ta. A na uku alƙalamin yana cin batir, ni kuwa na san gidana: duk batir da ya shigo, a rediyona yake ƙarewa. A na huɗu ne wata mai shago mai haƙuri ta ajiye mana wani baƙin allo, faɗinsa bai wuce littafin rubutu ba, ba gilashi, ba batir, ana haɗa shi da kwamfuta, hannu na zane a kai ido na kallon kwamfutar. Ta ce idan yarinya ta danna da ƙarfi layi zai yi kauri, idan ta sassauta ya yi siriri, kuma mai koyo ba ya bukatar abin da ya wuce haka. Jikata ta gwada na minti biyar, ta ɗago kai ta ce, "Kaka, wannan yana jin magana." Shi muka saya, domin shi ne ya yi daidai da hannunta da aljihuna. A tsohuwar kwamfutar mahaifiyarta take aiki da shi.

2. Ba da gangancin yarinya allon ya zo makaranta ba. Ranar Juma'a 9 ga Mayu, Malamar Zane ta aiko mini da takarda da hannunta, tana roƙon a bar jikata ta zo da shi ɗakin kwamfuta ranar Litinin, don sauran yara su gani, kuma don a shirya ta shiga gasar zane ta makarantu. Takardar tana nan wurina, na haɗa kwafinta da wannan.

3. Ranar Litinin 12 ga Mayu, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya da kwata, Malamin Ladabtarwa ya shiga ɗakin kwamfuta, ya zare allon, ya karɓi alƙalamin, ya fita da su a hammata. Dalilin da ya bayar a gaban yara shi ne dokar makaranta ta hana ɗalibi zuwa da waya. Ranki ya daɗe, ni mutum ne mai girmama doka, kuma ba zan ɓoye ba: allon yana da waya. Tsawonta ya kai kamu uku, baƙa ce, ana soka ta a gefen kwamfuta. Amma na karanta dokar nan sau biyu da tabarau, kuma fahimtata ita ce wayar da ake nufi ita ce wadda ake yi wa sallama ta amsa. Idan kuwa kowace waya aka hana, to ina jin tsoron makomar fankar ofishinki.

4. Sau uku na zo makaranta da kaina don a warware maganar nan cikin mutunci. Ranar Talata 13 ga wata aka ce malamin yana taro. Ranar Laraba 14 ga wata aka ce ya fita, ko da yake takalmansa suna bakin ƙofa, ban kuwa san shi da fita ba takalmi ba. Ranar Alhamis 15 ga wata na same shi a ofishinsa. Ya karɓe ni da fara'a, wannan kam ba zan hana shi ba. Ya ce mini, kuma na rubuta kalmominsa da na fito, "Baba, ai abin ma ya lalace, na danna ko'ina bai kawo haske ba." Na yi masa bayani cewa ba a yi shi don ya kawo haske ba. Ya ce zai bincika.

A lokacin da muke wannan magana, allon yana kan teburinsa, kofin shayinsa yana kai, cokali a gefe. Alƙalamin kuma yana maƙale a aljihun rigarsa tare da jan biro, ya kuma shaida mini cewa shi ma ba ya rubutu. Na yarda allon ya dace da kofi, domin ba ya zamewa. Sai dai da faranti nake nema, da shago ɗaya ya ishe ni, da kuma gwiwoyina ba su kwana biyu suna ciwo ba.

5. Game da yarinyar, zan taƙaita, domin ba wurinsa ba ne a takardar ofis. Ba mai yawan magana ba ce. Abin da wasu yara ke faɗa da baki, ita da hannu take faɗarsa. Gasar da Malamar Zane ta sa ta, takenta shi ne "Mutum a Bakin Aikinsa", kuma ranar Juma'a 23 ga Mayu ake rufe karɓa. Mahaifiyarta take zanawa, 'yata, wadda tela ce, zaune a kan keken ɗinki. Ta gama fuska, ta gama ɗankwali, ta gama keken har da zaren da ke lilo. Hannuwa suka rage, domin ta ce su ne masu wuya, sai ta zauna ta kalle su sosai. Yau kwana bakwai ke nan uwar tana cikin kwamfuta ba hannu. Kullum yarinyar ta dawo makaranta sai ta kunna, ta kalla, ta kashe. Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Na ce ta ƙarasa a takarda, ta ce gasar ta zanen kwamfuta ce. Na duba sharuɗɗan, ta fi ni gaskiya.

6. Da yake ba na son in ɗora wa kowa laifin da ban tabbatar ba, na tambayi Malamar Zane abin da ke kan kwamfutar a lokacin da malamin ya shigo. Ta ce in tambayi jikata. Na tambaya, aka nuna mini. Ashe kafin ta fara hoton uwarta, ta yi wani don gwada hannu, kuma shi yara suka taru suna kallo ranar.

Hoton wani bawan Allah ne a kan kujera, ƙarƙashin bishiyar bakin ƙofar makaranta, da hantsi. Bulala tana kwance a cinyarsa, hula ta sauko kan hanci, baki a ɗan buɗe. A bayansa yara shida masu latti suna shigewa a kan yatsun ƙafa, takalma a hannu, kaza kuma tana tsattsagar wani abu kusa da ƙafarsa. Ba ta rubuta sunan kowa ba. Sai dai, ranki ya daɗe, mai shagon nan ba ta yi mini ƙarya ba game da layi mai kauri da siriri, domin gashin bakin ya fito ɗaya bayan ɗaya. Na yi mata faɗa kamar yadda ya wajaba, bayan na shiga ɗaki na ɗan jima na fito. Na kuma gano cewa ta uku a layin masu lattin ita ce da kanta, wanda wannan laifina ne, domin ni ke rako ta, kuma ba na saurin shiri da safe. Na ɗauki alkawarin gyarawa.

ABIN DA NAKE ROƘO

Na ɗaya, a mayar wa jikata allonta da alƙalaminsa da wayarsa kafin tashi ranar Laraba 21 ga Mayu, a kuma goge shi da busasshen tsumma, ba da ruwa ba.

Na biyu, a fayyace a rubuce irin wayar da doka ta hana, don amfanin iyaye da malamai.

Na uku, kada a hukunta Malamar Zane, domin ita ce ta fara ce wa yarinyar nan abin da take yi aiki ne, ba ɓarna ba.

A namu ɓangaren, jikata a shirye take ta ba malamin haƙuri a ofishinki, ni ma zan tsaya a bayanta. Ta kuma ce idan yana so za ta yi masa wani hoton, a tsaye, ido biyu.

Ba na son a ɗauki abin da zan faɗa yanzu a matsayin barazana, bayani ne kawai na halin da muke ciki. An riga an rubuta sunanta a gasar, kuma ni ban saba janye takarda bayan an shigar da ita ba. Sharaɗi na huɗu ya ce duk hoton da aka karɓa za a buga shi babba a kafa a zauren taro, iyaye da baƙi su gani. Idan allon bai dawo a kan lokaci ba, ba za ta iya ƙarasa hannuwan uwarta ba, kuma hoto ɗaya ne tak take da shi kammalalle. Na sake duba taken gasar da kyau, ban ga ta inda alƙalai za su ce bai dace ba.

Ina mai dogaro da adalcinki da sanin ya kamata, tare da neman afuwa idan wata kalma ta fi ƙarfin wurinta. Allah ya ƙara miki lafiya, ya taya ki riƙon makaranta.

Naki cikin ladabi da biyayya,

(sa hannu)
Kakan 'Yar Fensir,
Magatakarda mai ritaya.

Kwafi ga:
Malamar Zane.
Malamin Ladabtarwa (a miƙa masa bayan ƙarfe tara na safe).