Tsohuwar Da Na Sa Ta Tsallaka Ɗiyata

Assalamu alaikum mai wannan shafi da masu karatu. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, wanda nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni mutuniyar Kaura Namoda ce, sana'ata taliyar murji da fanke. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu ɗiyata Saude tana da shekara huɗu, zazzaɓi ya sa ta gaba. Yau jiki zafi rau, gobe zawo, ciki ya kumbura, ƙafafu kamar sillen kara. Aka ce maleriya ce aka yi allurai, aka ce taifot ne aka sha magani, rubutu kuwa ba malamin da bai san ƙwaryarmu ba. Sati biyu lafiya, na uku mu koma gidan jiya. Ni kuma don tausayi sai in ƙara tura mata taliya da manja, wai ko ta yi ƙiba.

Muna da maƙwabciya, Inna Tumba, tsohuwa mai saƙar faifai. Rannan ta shigo ta daɗe tana kallon Saude, ta ce, "Ke ɗiyata, cikin yarinyag ga ba ya son alkama. Ki maishe ta ga hura da tuwon dawa. Na taɓa ganin irin haka ga ƙanena." Raina ya ɓaci, na ɗauka baƙin cikin sana'ata take yi. Da maigidana ya dawo na ce masa, "Malam, ya aka yi tsohuwar nan ta san abin da ke cikin yarinya in ba ganin hanjinta take yi ba?" Zancen ƙanenta kuwa na haɗiye shi, da sanina.

Kafin kwana uku unguwa ta ɗauka Inna Tumba mayya ce, ta kama kurwar Saude. Aka shimfiɗa yarinyar a tsakar gida, aka jawo tsohuwa aka ce sai ta tsallaka ta ta sake ta. Tana kuka tana cewa, "Ni da na yi maki wankan jego?" Na kau da kai. Ta tattare zanenta, ƙafafunta na rawa, ta tsallaka sau uku. A satin ta koma Zurmi wajen ɗiyarta, ba wanda ya raka ta tasha.

Malam ya tura mu gidanmu a Banga mu yi damina. Can ba fulawa, daga fura sai tuwon gero. Saude ta miƙe, zazzaɓi ya ɗauke, kowa ya ce ai ga shaida, mayya ta saki. Muna dawowa na ba ta taliya, kwana kaɗan jiki ya sake ɗaukar wuta. Innalillahi! Na janye, ta warke. Na sake gwadawa a ɓoye, zazzaɓi ya dawo. Daga nan na hana ta duk abin alkama, na ce wa Malam ba ta so ne kawai. Daga baya wani likita a Gusau ya ce mini akwai masu jikin da ba ya karɓar alkama, tana lalata musu hanji, wasu har da zazzaɓi, mai yiwuwa shi ne nata. Me ya hana ni magana? Lokacin kowa tsoron alƙali da bulalar ƙazafi yake yi, amma gaskiya kunyar unguwa ta fi cin raina.

Inna Tumba ta rasu a Zurmi. An ce da ƙyar aka samu matan da suka yi mata wanka. Har yau in na kama hannun injin taliya sai in ga ƙafafun nan suna rawa a kan ɗiyata. Na yi sadaka, na yi azumi, ba su daina ba. Wa zan roƙa gafara, kabari?

Jiya wata mata ta zo daga Shinkafi. Ɗan wanta ne ke neman Balki, jikar Inna Tumba ta wajen ɗiya. Ta ce, "Hajiya, a kanki abin ya faru, kuma kin san maita a nono ake sha. In kin ce gaskiya ne, mun janye." Malam yana zaune ya ce, "Ai ba sai an tambaya ba, ni na jawo ta da hannuna." Matar ta ce a'a, daga bakin uwa take son ji, za ta dawo ran Juma'a. An ce wannan ne manemi na uku da Balki za ta rasa.

In na faɗi gaskiya, Malam zai san na sa shi ya wulaƙanta baiwar Allah a banza, Saude kuma za ta san irin uwar da ta haife ta. In na yi shiru, shirun ma amsa ce. Yau Laraba, jama'a. Me zan yi?