Kwalbar Ruwan Ikko

Birnin Gwari, 1955

Zuwa ga mijina Abarshi,

Gaisuwa da fatan alheri. Rubutun yaƙi da jahilci ne, kamar kaza ta bi ta toka, haka za ka karanta. An ce Bature ya ɗauke ka aiki a Ikko, kuna zura kwalba da igiya kuna ɗebo ruwan ƙasan teku. Duk bokon nan a ɗiban ruwa ya ƙare? Da ka zauna ka cika mini randa.

To, ga magana. A cikin tekun nan aka saka gawar ubanka Dabo, da ya rasu cikin jirgi suna dawowa daga yaƙin Bama. Akwai fili kusa da kabarin kakanka a bayan gida. In igiyarku ta taɓo wani abu nasa, ko ƙashi ne, ka kawo a binne.

Kakarka, Maiturare

Ikko

Kaka,

Ina gaisuwa cikin ladabi. Na yi jinkiri ne don na rasa yadda zan faɗa. Cikin ruwan akwai ƙananan halittu, ido ba ya ganinsu sai da madubin Bature. Duk abin da ya mutu ya fara nutsewa, ganye ko kifi, sai su manne masa su yi ta ci har ya narke, ya zama taki cikin ruwan. Cin nasu muke aunawa. Babu abin da igiya za ta samo yanzu. Ki yi haƙuri.

Jikanki, Abarshi

Birnin Gwari

Ragon miji,

Ina amsawa. Duk watannin nan labarin garar ruwa kake ɓoye mini? Ganyen dajin Dogon Dawa ma haka yake ƙarewa, yana nan cikin ƙasar. Tunda ɗana ya narke cikin ruwan, ruwan za ka aiko. Na can ƙasa, ba wanda kuke wanke ƙafa ba. Ka toshe bakin kwalbar sosai, direbobin hanyarmu ba sa kauce wa rami.

Allah ya yi albarka.

Maiturare

Birnin Gwari

Abarshi,

Gaisuwa. Kwalba ta iso. Baffanka Audi ya haƙa rami kusa da kakanka. Liman ya ce bai taɓa yi wa ruwa addu'a ba, amma ya yi. Na ɗanɗana kafin a zuba: gishiri ya yi yawa, kamar miyar amaryarka.

Rabin ruwan aka zuba. Sauran yana ƙarƙashin gadona. Ka san a kan wa za a zuba shi, kuma da hannunka nake so.

Kakarka, Maiturare