Wayar da Ta Ɓoye Ciwon 'Yata

Zuwa ga Shugaban shirin da ya raba wa ma'aikatan lafiyar Kebbe wayoyin ɗaukar hoto.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ranka ya daɗe, ni mai hoton biki ne, Kebbe da Tambuwal nake aiki. Tsoro ne ya sa na rubuto.

Na farko. A watan Safar matata ta haifi mace, Hindatu. Kafin suna kakarta ta ga kamar idonta ya yi rawaya. Ma'aikaciyarku ta zo gida, ta ɗauki hoto da wayar da kuka ba ta, ta tura wa likita a Tambuwal. Ya ce lafiya lau. Ban ga laifinsa ba, ni ma na ga hoton, idon fari tas. Ashe ciwon shawara ne. Sai da ta daina kama nono muka hau babur da ita zuwa asibiti, ga hanyarmu ka san ta.

Na biyu. Na ji an zaɓi wayoyin saboda yawan megafiksal, wato ɗigo-ɗigon da ke haɗa hoto. Ranka ya daɗe, ba nan gizo yake saƙa ba. Cikin kowace kyamara akwai abin da ke karɓar haske, muna ce masa sensa. Na kyamarata mai faɗi ne, na wayarku bai kai farcen yaro ba. Tarar ruwan sama da baho ba ɗaya ba ne da tara da ludayi. Ƙaramin sensa in haske ya yi masa kaɗan, sai wayar ta cike da ƙarya, ta goge, ta gyara launi kamar hoton amarya.

Na uku. Mu nan ba a fito da jariri kafin suna. Ɗakin maijego kuwa labule a sake, taga a rufe. A nan ake ɗaukar hotunan nan, kullum, a kowane ƙauye. 

Ina roƙo a canza wayoyin. Kafin nan, a hana yanke hukunci da hoton cikin ɗaki, a roƙi iyaye su kawo jariri ko bakin ƙofa ne.

Hindatu ta rayu, alhamdulillahi. Amma har yau in na tafa hannu kusa da kunnenta ba ta juyowa.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare maka zuri'arka.

Wassalam.
Bello Mai Hoto, Kebbe.