Buzun Malam

Laraba, 2 ga Zulƙida 1345

Yau ma. Ina ɗora goshi a kan buzun Malam, fatar ragon da ya daɗe yana jan salla a kanta, hancina ya ɓalle. Atishawa a raka'ar farko, atishawa a ta biyu, idanu jawur, hawaye har gemu. Jama'a sun yi shiru a bayana, amma shirun nan har a ƙeyata na ji shi.

Tun rasuwar Malam, mahaifina, nake tsayawa a wurinsa, riƙon ƙwarya. Al'adar garin nan, sabon liman a kan buzun wanda ya gada yake jan Idinsa na farko, sannan a tabbatar da shi. Babbar Salla ta kusa. In na kasa, ga Baffa Attahir, ƙanen Malam, yana jira.

Asabar, 5 ga Zulƙida

Wai mura. Wace irin mura ce babu zazzaɓi, majina kamar ruwa, kuma sai a masallaci take zuwa? A gona lafiyata lau.

Litinin, 7 ga Zulƙida

Maganar da nake tsoro ta fito. Wai buzun ne ya ƙi ni, wai Malam bai yarda da ni ba ko a kabarinsa. A bakin rijiya aka faɗa, aka kawo wa Inna. Baffa kuwa, da muka haɗu ya dube ni ya ce, "Yahuza, ido dai ba a wasa da shi. Ka huta mana." Hutun da yake nufi na gane shi.

Abin da ya fi ci mini rai, ni ma na fara tambayar kaina.

Juma'a, 11 ga Zulƙida

Na sa kwalli, ƙaiƙayin ya ƙaru. Na shaƙi hayaƙin magani, na kusa shiɗewa. Ruwan randa mai sanyi kaɗai ke kwantar da idon, shi ma na ɗan lokaci. Sule wanzami ya ce a yi mini tsaga a gefen ido. Na ce ya bari tukuna.

Talata, 15 ga Zulƙida

Alhassan ya zo daga Tarka sayen gero. Abokina ne tun muna yara, ya yi soja har ƙasar Faransi, bakinsa ba ya rufuwa. Ya kalli idona ya yi dariya, na ji kamar in mare shi. Ya ce ya ga irin wannan a can. Wani jinin ba ya shiri da gashin dabba, wani da ƙura, wani da bununin hatsi. "Lokotoro, wato likita, sai ya ɗan karce ma hannu, ya shafa abin da yake zargi. In wajen ya tashi, an kama ɓarawo." Ya ce daga nan sai a riƙa ba mutum abin kaɗan-kaɗan da allura har jiki ya saba, amma aikin watanni ne.

Watanni. Ni da nake da makonni.

Laraba, 16 ga Zulƙida

Na ari askar Sule. Karce uku a damtse: ɗaya na shafa ƙaiƙayin gero, ɗaya ƙasar masallaci, ɗaya ƙurar da na kakkaɓo daga buzun. Kafin in idar da alwala, karce na ukun ya yi jawur ya kumbura, ƙaiƙayi kamar cizon cinnaka. Sauran biyun ko gezau.

Ashe ba Malam ba ne. Ƙura ce kawai. Na zauna ina dariya ni kaɗai, sai kuma dariyar ta juye.

Alhamis, 17 ga Zulƙida

Alhassan ya ce, "To ka wanke fatar mana, ka shanya a rana. Mene ne a ciki?"

Mene ne a ciki! A kanta Malam ya yi jinyarsa ta ƙarshe. Da ya rasu aka naɗe ta a lungun ɗaki, ruwa bai taɓa ta ba. Har yau in an shimfiɗa, ƙamshinsa ke tashi, turarensa da tawada da zufar goshinsa. Shi kaɗai ya rage mini. Na ce wa Alhassan zan saba da ita kaɗan-kaɗan kamar yadda ya faɗa. Ya ce ai ba haka ya faɗa ba.

Talata, 22 ga Zulƙida

Na yanko ɗan gashi daga buzun na ƙulle a tsumma, ina shinshinawa da hantsi. Atishawa dai ba ta fasa ba. Wataƙila ta ragu, ko kuma ni ke son ta ragu.

Lahadi, 27 ga Zulƙida

Gaggawa ta ja mini. Bayan azahar na kifa fuskata a cikin buzun, na ce ko ni ko shi. Ƙirjina ya toshe, numfashi yana fita da ƙara, leɓe ya kumbura. Da rarrafe na fito tsakar gida. Inna ta yi ta zuba mini ruwa tana salati. Na ji tsoro, tsoro na gaske.

La'asar Baffa ne ya ja. Ko tari bai yi ba.

Litinin, 5 ga Zulhajji

Dattawa sun aiko: in ba zan iya ba, in faɗa tun kafin jajibere, kada a ji kunya a filin Idi gaban baƙi daga ruga.

Laraba, 7 ga Zulhajji

Na shiga ɗakin Malam da hantsi na tarar da Inna zaune, ta cusa fuskarta a cikin buzun. Ba ta ji shigowata ba. Ashe ba ni kaɗai ba ne.

Da ta ɗago, ta daɗe tana kallon idanuna. Sannan ta ce, "Ubanka ma haka hancinsa yake. Kowace Alhamis ni ke kakkaɓe masa fatar in shanya. Na sani tun ranar farko. Na kasa faɗa ne, kada ƙamshinsa ya tafi."

Ta naɗe ta da kanta, ta ɗora a ka, ta nufi rijiya. Na bi ta da guga.

Alhamis, 8 ga Zulhajji

Fatar tana kan danga, fara tas. Rana ta yini tana dukanta.

Asabar, 10 ga Zulhajji

An yi Idi. Na yi sujada huɗu, hanci shiru. Ido ya ɗan yi ƙaiƙayi a huɗuba, na daure. Baffa a sahun farko ya tsaya, shi ya fara miƙo mini hannu, ko da yake bai dube ni ba. An tabbatar da ni.

Da muka dawo na kai buzun ɗaki, na sa hanci a wurin goshin. Sabulu da rana, shi ke nan. Inna na bakin ƙofa, ta ce, "Akwai saura?" Na ce akwai ɗan kaɗan. Ba ta matso ta duba ba.

Fatar ragon layyata na hana a sayar, na ce a kai wa majemi ya yi buzu. Ba don komai ba, wata rana za a buƙace ta.