Rimot Mai Ɗigon Jan Farce

Unguwar Rogo,
Sakkwato.

Zuwa ga Yaya Jalaluddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Ummulkhairi da 'ya'yana Mu'az da Hindu. Allah ya sauƙaƙa maka karatun nan, ya sa a gama lafiya, ya maido mana ku daga Maleshiya muna raye. Mu nan kowa lafiya lau. Ruwa ya zauna bana, Kawu Illo ya shigo daga ƙauye ranar Juma'a ya ce gero ya yi kyau ƙwarai. Ƙafar Inna da sauƙi, idon ne dai sai a hankali. An canza mata tabarau, ta ce ya mai da ita kamar alƙali, amma tana sawa. Jar akuyarta ta haifi biyu, duk mata. Ni kuma ina nan ina fama da 'yan aji huɗu, sun kusa ƙarar mini da murya.

Za ka yi mamakin ganin rubutu alhali kullum muna waya. Dalili shi ne abin da zan gaya maka ba ya faɗuwa a waya, don duk inda na tsaya a gidan nan kunnen Inna yana wurin, kuma in ta ji na kai maka wannan labari, to na shiga uku. Maganar na'urar nan ce da ka ce in saya a haɗa da talabijin ɗin falo, don Inna ta riƙa ganin bidiyoyin da kake sawa a intanet kan kiwon awaki da tumaki. Na saya. Amma ba wadda ka ce ba, kuma ba na neman gafara, don wannan karon ƙanwarka ta fi likitan dabbobi hangen nesa.

Ban manta abin da ka gaya mini bayan Sallah ba, ranar da ka kira da bidiyo Inna ta ce lafiya lau, ta miƙo mini wayar ba ta ko kalle ka ba. Ka ce ka san kunyar ɗan fari ce, ka san ba ta taɓa kiran sunanka ba tun da ta haife ka, amma shekara huɗu ba wasa ba ne, kuma wani lokaci kana tambayar kanka ko ta ma san abin da kake yi da rayuwarka. Ka yi dariya bayan ka faɗa, amma ni na ji abin da ke ƙarƙashin dariyar, kuma ya tsaya mini a rai. Da wannan maganar na tafi sayayyar.

Na je shagon Malam Zayyanu a Gidan Igwai, mai kayan lantarkin nan da ya haɗa mana sola bara. Ya baje mini iri uku a kan tebur. Ta farko ita ce taka, 'yar siririya kamar filashi, ana soka ta a bayan talabijin, rimot ɗinta kuma magana ake yi masa. Ya danna ya faɗi sunanka, sai ga ka ka fito da farar rigarka kana riƙe da kunnen tunkiya. Ya ce ga tsohuwar da ba ta yi boko ba babu kamar wannan, ba rubutu ba karatu, suna kawai za ta faɗa. Sai na fashe da dariya a tsakiyar shago har ya tsargu. Yaya, kai da iliminka, wa zai faɗi sunan? Matar da shekara talatin da takwas take ce maka "wancan", ita ce za ta ɗauki rimot ta kai baki ta kira Jalaluddeen a tsakiyar falo? Da na yi wa Malam Zayyanu bayani sai ya dafe kai, ya ce shi ma ɗan fari ne, uwarsa har ta rasu "mai shago" take ce masa, kuma bai taɓa kawo wannan a ransa ba duk na'urorin da ya sayar.

Ta biyu ba ta da rimot ma sam. Daga waya ake tura mata bidiyo ta nuna a talabijin. Ya yaba ta sosai, ya ce ita matasa suke so. Na ce wannan ta fi ta farko muni, don sai ina zaune da wayata kafin Inna ta gan ka, ita kuwa ba za ta kalle ka da shaida a ɗaki ba. Ka tuna ko hotonka na kammala jami'a a ƙasan akwati take ajiye shi, ba a bango ba. A nan na gane abin da nake nema: na'urar da Inna za ta kunna ita kaɗai, ba ta yi magana ba, ba ta roƙi kowa ba, kuma ba wanda ya gani.

Ta ukun wani ɗan baƙin akwati ne mai kamar sabulun wanki, ba kyan gani, rimot ɗinsa cike da maɓallai irin na da. Malam Zayyanu ya ce ba ta kai sauran sauri ba, hotonta ma bai kai nasu fes ba. Amma tana da maɓalli guda da ake iya saita shi ya buɗe abin da mutum ya zaɓa kai tsaye, tana da ramin filashi, kuma ba ta jan wuta, solarmu tana ɗaukarta tare da talabijin da fanka. Na sa ya sauke bidiyoyinka duka a filashi, don ranar da netwok ya yi halinsa ko data ta ƙare kada ta danna ta ga duhu ta ce abin ya lalace. Ya saita maɓallin, na sa ya gwada sau biyar a gabana, har ya ce ko masu sayen mota ba sa wahalar da shi haka. Da na dawo gida na ɗiga wa maɓallin jan farce, ɗigo ɗaya babba da za a ji da yatsa ko ba tabarau.

Ban ce mata ga abin kallon ɗanki ba, ka san da na faɗi haka an gama. Na ce na sayo abin jin wa'azi ne, na nuna mata maɓallin tashar da ake wa'azin. Sannan na ce wannan mai jan kuma kada ta damu da shi, shirin wasu masu awaki ne, ba shi da wani amfani. Ta kalli rimot ɗin, ta kalle ni ta saman tabarau, ta ce in ajiye shi can kan talabijin, ita ba ta da lokacin wasan yara.

Kwana tara ina dawowa daga makaranta ina tarar da rimot a inda na bar shi. Har na fara cewa na yi asarar wayona. Abu ɗaya dai na lura da shi, kullum fuskar talabijin a goge take tas, alhali ni ban goge ba. Ranar Laraba aka tashe mu da hantsi saboda taron malamai, na dawo ba ta zata ba. Tun daga zaure na ji muryarka. Na cire takalmi na leƙa ta tagar falo, Allah ya yafe mini. Tana zaune a tabarma dab da talabijin, ta bar kujera, rimot a cinyarta. Bidiyon nan ne da kake nuna yadda ake jan fatar idon akuya a duba, in cikin ya yi fari to jini ya yi ƙasa, a nemi maganin tsutsar ciki. Wurin da ka ce ba a jami'a ka fara koyon wannan ba, a wurin mahaifiyarka ka gani kana yaro a Unguwar Rogo. Da ka wuce wurin sai ta danna jan, bidiyon ya koma farko, ta zauna ta jira har ka sake faɗa. Sau uku ina tsaye. Yaya, na yi kuka a bakin tagar nan, na koma zaure na yi sallama da ƙarfi kamar yanzu na iso. Kafin in shigo ta mai da wa'azi, rimot yana kan talabijin, tana tsince shinkafa kamar tun safe take yi.

Ba a nan ya tsaya ba. Ka san Malama Dorcas maƙwabciyarmu, wadda ta koya maka lissafi a firamare, yanzu ta yi ritaya ta shiga kiwo. Akuyarta ta daina cin abinci, ta zo neman shawarar Inna ranar Asabar ina wanki a tsakar gida. Da kunnena na ji Inna ta ce mata ta shigo, akwai wani mai awaki a talabijin da ya ɗan san abin da yake yi. Ta danna jan da kanta a gaban baƙuwa. Malama Dorcas ta gane ka tun kafin ka buɗe baki, amma ka san ta da tsokana, sai ta ce wannan likita ya iya bayani, ko ɗan wane gida ne? Inna ba ta ɗago ba, ta ce, "An ce ɗan nan unguwar na. Uwatai ta yi ƙoƙari." Malama Dorcas ta yi dariya har da hawaye, ni kuwa na dulmiya kai cikin bahon wanki. Yanzu mata uku ne suke zuwa ranar Asabar da labarin awakinsu, Inna ce mai rimot, ba mai taɓa shi sai ita.

Ina alfahari da kai, Yaya, wannan ka sani. Ina alfahari da kaina ma, ba zan ɓoye ba, don Malam Zayyanu ya ce tsofaffi biyu ya haɗa wa irin wannan bayan ni, har kwalbar jan farce ya ajiye a shago. Amma wadda ta fi cika mini ido ita ce tsohuwar nan, da ta riƙe kunyarta ba ta sake ta ba, kuma ta samo hanyar zama da ɗanta kullum da hantsi. Don haka ka daina tambayar kanka. Kuma don Allah in kun yi waya kada ka nuna ka sani. Za ta ce lafiya lau ta miƙo mini wayar kamar kullum, ka bar ta a haka.

Jiya ina shirin fita ta tsayar da ni a bakin ƙofa, tana gyara ɗaurin ɗankwali, idonta a kan awaki. Ta ce in ina da hanyar da saƙo zai kai ga masu shirin nan, akwai gyara. Na ce ina da ita. Ta ce, "Ki ce ma mai awakin nan shi rage sauri in shina magana, tsohhi na saurare nai. Kuma shi ci abinci, ya rame." To ga saƙo na isar.

Ka gaishe mini da Anti Ummulkhairi, ka ce yajin da ta ce in daka yana nan yana jiran mai zuwa. Ka shafa mini kan Mu'az da Hindu, ka sa su leƙo a ƙarshen bidiyo ko sau ɗaya, akwai mai son ganinsu da ba kunya tsakaninta da su. Kawu Illo yana gaishe ka, Malama Dorcas ta ce har yanzu tana bin ka bashin haddar lissafin sau bakwai. Allah ya tsare, ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwa,
Wasila.