Ƙofar da Babana Ya Sassaƙa Ta Koma Baƙa

Tanti Veta,

Don Allah ki taimake ni da shawara tun kafin in sake wata ɓarnar. Sai a 'yan kwanakin nan na fara barci kamar mutum, amma har yanzu in na hango injin feshin ruwan nan a rumbu sai in kau da kai.

Aikin gini nake yi a Faransa, sai Agusta nake zuwa gida kamar kowa. Bana na zo da wuri saboda bikin 'yata Voichita. Kin dai sani, ta ƙofar gidan ubanta amarya za ta fita, a nan za a tare dangin ango a ja musu rai kafin a buɗe, a nan za a yi hotuna. Ƙofar tamu kuwa marigayi babana Toader ne ya sassaƙa ta da itacen stejar, wani itace mai ƙarfi na dajinmu, siffar igiya murɗaɗɗiya tana hawa kowane ginshiƙi, ga siffar rana a sama. Shekaru sun mai da ita toka-toka, gansakuka ta kama gindinta. Na ce a raina, 'yata ba za ta fita ta ƙofa mai dauɗa ba.

Na taho da injin feshin ruwa, irin na masu wankin mota, wanda muke wanke siminti da shi a can. Ranar Lahadi Mama ta tafi coci, na ce bari in ba ta mamaki. Ruwa kaɗai bai fitar da dattin yadda nake so ba, sai na tuna da sodar da take haɗa sabulu da ita duk lokacin da aka yanka alade. Tunda tana cin kitse, me zai hana ta cin datti? Na dama a bokiti, na shafe ƙofar kaf. Tanti, ina tsaye ina kallo katakon ya yi baƙi ƙirin kamar bayan tukunya. Na ruɗe, na ƙure ƙarfin injin, na matso da bakinsa. Baƙin bai gusa ba, sai ma wani gefen igiyar ya yi gashi-gashi.

Mama ta dawo, ta tsaya a titi da kallabinta na Lahadi. Abin da ta ce kawai shi ne, "Me Toader ya yi maka?" Tun daga nan ta daina yi mini magana. Za ta dire mini tuwon masara da cuku, ba za ta dube ni ba. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Masu wucewa kuma sun samu abin yi, wai Bafaranshe ya yi wa ƙofar ubansa fenti da kwalta.

Ana haka sai ga Gavrila, ƙanin matata mai kiwon zuma, ya zo musamman don ya yi mini dariya. Sai da ya yi ta ishe shi, sannan ya ce, "Kai Bafaranshe, a can ba a koya muku tambaya ba ne?" Ya koma gida ya kawo wani farin gari kamar gishiri, asid ɗin oksalik da yake kashe ƙwarin zumarsa da shi. Wai ya taɓa ganin ya cinye baƙin da ƙusa ke zubarwa a jikin akwatunan zuma. Muka gwada a bayan ginshiƙi ɗaya, ta cikin gida. Ban gama shan taba ba wurin ya washe, ya fito da launin zuma, kowane layin sassaƙa raɗau. Ni da furfurata na zauna a ƙasa na yi kuka, don na riga na saddaƙar cewa na kashe ƙofar.

Mama ta fito, ta ɗora tafin hannunta a wurin, ta daɗe a tsaye, sannan ta shige ɗaki ba ta ce uffan ba. Ban san ko haushi ne ya ƙaru ba.

To yanzu ya zan yi? Matata Dochia ta ce in bar maganin ƙwari in yi da gishirin lemo, farin garin nan mai tsami na kicin, wai ya fi laushi. Ita da Voichita kuma suna so in shafa wa ƙofar mai, ta dawwama da sheƙi. Ni tsorona kada Mama ta ga na mai da ita irin ƙofofin da ake saye a shago. In sake taɓa injin, ko in jefa shi a kogi?

Ɗan Masassaƙin da Bai Gaji Gizago Ba,
daga kwarin Mara

Ɗan Masassaƙi,

Kwantar da hankalinka, ƙofar babanka tana nan da ranta. Stejar da soda ba sa ga maciji, da sun haɗu sai baƙi, amma baƙin a fata yake, bai kai ciki ba. Gwajinka ya nuna maka haka.

Dochia ba ta yi ƙarya ba, gishirin lemo ya fi laushi, kuma yana wa katako mai taushi aiki idan dusashewa kawai ya yi. Baƙin soda da na ƙusa a jikin stejar kuwa ya fi ƙarfinsa. Ka tsaya a kan na Gavrila, ka kuma gode masa duk da bakinsa.

Ka fara ɗauraye ƙofar da ruwa mai yawa, ragowar sodar ta fita. Ka narkar da garin a ruwan ɗumi, a bokitin roba, daidai awon da aka rubuta a jikin leda, ban da ƙarin "don ya fi kamawa", mun ga inda wannan tunanin ya kai ka. Ka sa safar hannu da tabarau, ka kulle kaji, ka jiƙa furannin da ke kusa. Ka yi da safe kafin rana ta buɗe, katakon yana jiƙe, ka shafa da buroshi mai laushi daga ƙasa zuwa sama, ginshiƙi ɗaya bayan ɗaya. Kada ka bari ya bushe a jiki. Da launi ya washe ka ɗauraye, ka sake ɗaurayewa. Kada buroshin ƙarfe ya taɓa ta, sabon baƙi zai kawo maka. Kada kuma bilic, ruwan nan na faranta kayan wanki, ya zo ko kusa da bokitin, haɗuwarsu iska ce mai guba.

Injin ba sai ya sha kogi ba. Ka rage shi zuwa ƙarshe, ka sa baki mai faɗi, ka ja baya, ka bi tsawon katako. Wurin sassaƙa kuwa ka yi da tiyo kawai. Inda ya yi gashi, ka bari ya bushe sarai, ka rufe hanci ka bi shi a hankali da takardar goge katako mai laushi.

Batun mai, kowa da gaskiyarsa. Amarya tana son haske, mai kuma yana kare katako. Ita Mama tokar nan shekarunta ne da mijinta. Sai dai mai ana iya shafa shi baɗi, amma in an shafa ba a kwashe shi da sauƙi. Ka bar ƙofar haka. Za ta kai ku biki da haskenta, in an ƙyale ta kuma ruwa da rana za su mayar mata da tokarta. Hukuncin bayan biki ka bar wa Mama.

Shirun nan nata na biyu, ban yarda haushi ba ne. Duk gidanku ita kaɗai ce ta san ƙofar nan da launin zuma, lokacin da babanka ya gama ta ya ajiye gizago yana saurayi da ƙarfinsa. Kai gyaran ɓarna ka gani a ginshiƙin, ita ina kyautata zaton mijinta ta gani.

Saboda haka kafin ka dama komai, ka je ka zauna kusa da ita ka ce ka yi kuskure, ba tare da labarin soda da inji ba. Sannan ka tambaye ta, "Mama, haka take ranar da Baba ya gama ta?" Ka yi shiru ka saurara, ko da tuwon zai huce.

Allah ya sanya albarka a auren Voichita, ya sa kakarta ce za ta buɗe mata ƙofar da hannunta.

Taka,
Tanti Veta